Harbin Ƙudan Zuma da Cutar Lyme: Ina Hujjar Take?

A gidaje da dama a Amurka akwai marasa lafiya da ake aiko wa ƙudan zuma masu rai ta gidan waya, cikin ɗan akwati mai hujojin shan iska. Sau uku a mako mutum zai tuɓe riga, a ɗora masa ƙanƙara a gadon baya har wurin ya mutu, sannan wani nasa ya sa dogon hantsaki ya kamo ƙuda ɗaya, ya manna shi a fata daf da ƙashin baya har ya yi harbi. Tsinken harbin yakan maƙale a fatar tare da 'yar jakar dafinsa, tana ta motsi tana tura dafi ko bayan an janye ƙudan, wanda shi kam mutuwa zai yi. Akan fara da harbi ɗaya ko biyu, ana ƙarawa sannu a hankali har a kai 10 a zama guda, kuma masu koyar da wannan hanya suna cewa sai an shekara biyu zuwa uku ana yi. Wanda ya riƙe tsarin da gaske zai sha harbi sama da 1,500 a shekara. Ba wanda zai ɗora wa kansa irin wannan azaba don sha'awa. Mutane ne da ciwo ya gallaba, suka yi imani cewa cutar Lyme ce ta zauna musu a jiki, kuma dafin ƙudan zuma ne zai fitar da ita. Ciwon nasu gaskiya ne, ya kuma cancanci a ɗauke shi da muhimmanci. Sai dai wanda ya bi diddigin hujjojin da aka gina wannan magani a kansu zai tarar duk sun tsaya a ɗakin gwaje-gwaje da bakin masu ba da labari, alhali illar da yake yi an gan ta a gadon asibiti.

Ita cutar ta samo sunanta ne daga garin Lyme da ke jihar Connecticut, inda a 1975 iyaye mata suka kai ƙara cewa yara da yawa a unguwanninsu suna fama da kumburin gaɓɓai irin wanda ba a saba gani ga ƙananan yara ba. Likita Allen Steere na jami'ar Yale ya binciki lamarin, a 1982 kuma Willy Burgdorfer ya wallafa cewa ya gano sanadin: wata ƙwayar bakteriya siririya mai murɗe-murɗe, wadda aka raɗa wa suna Borrelia burgdorferi don karrama shi. Wata ƙaramar kaska ce ke yaɗa ta, tana kwaso ta daga ɓerayen daji tana zuba wa mutum, kuma yawanci sai ta yi kwana ɗaya da rabi zuwa biyu tana manne kafin ƙwayar ta shiga. A jikin mutum 7 zuwa 8 cikin 10 wani jan tabo yakan fito a wurin cizon yana faɗaɗa. Idan ba a kula ba, cutar kan kai ga kumburin gwiwa, shanyewar ɓarin fuska, sanƙarau, ko rikicewar bugun zuciya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 476,000 ake yi wa maganin cutar a kowace shekara a ƙasar, tana kuma nan a Turai da wasu sassan Asiya masu sanyi. Maganinta sananne ne kuma mai araha, doxycycline ko amoxicillin na kwana 10 zuwa 21 a mafi yawan lokuta, ko allurar ceftriaxone idan ta taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya. Akasarin mutane suna warkewa sarai.

Rigimar tana kan waɗanda ba su warke sarai ba. Akwai waɗanda suke gama shan magani amma gajiya mai kayar da mutum, ciwon jiki, rashin barci da mantuwa su ci gaba da bin su wata da watanni. Wani bincike na John Aucott da abokan aikinsa a jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa ko cikin waɗanda aka gano cutarsu da wuri aka yi musu magani daidai, kashi 14 cikin 100 sun kasance cikin wannan hali, alhali kashi 4 ne kawai aka samu da makamancinsa cikin waɗanda ba su taɓa kamuwa ba. Wannan tazara kaɗai ta isa ta rufe bakin mai cewa raki ne. A kan musabbabin ne aka rabu. Ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka tana ganin ba a samu shaidar cewa ƙwayar tana raye tana aiki a jikin waɗannan mutane ba, ana dai zargin garkuwar jiki da ta kasa kwantawa ko ɓarnar da cutar ta bari. Wasu likitoci da ƙungiyoyin marasa lafiya kuwa sun dage cewa ƙwayar ɓuya take yi, suna kiran abin cutar Lyme mai daɗewa, har sukan lika wannan suna ga mutanen da gwajin jini bai taɓa nuna sun kamu ba. A wannan gurbi ne masu harbin ƙudan zuma suka kafa rumfarsu.

Yin magani da harbin ƙudan zuma tsohon abu ne. Tun a 1888 likita Filip Terč ya rubuta a kan amfani da shi ga masu sanyin ƙashi, a 1935 Bodog Beck ya fitar da littafi a kansa a Amurka, kuma Charles Mraz, wani mai kiwon zuma a jihar Vermont, ya yi shekaru masu yawa yana yi wa mutane. Abin da ya haɗa shi da Lyme a idon duniya shi ne labarin Ellie Lobel, wanda marubuciya Christie Wilcox ta wallafa a 2015. Kamar yadda Lobel ta bayar, kaska ta cije ta a 1996 tana da shekara 27, ta yi shekara 15 tana jinya har ta fid da rai, ta koma Kalifoniya a 2011 don ta jira ajalinta. Kwanaki kaɗan da isarta tarin ƙudan zuma suka far mata, ta ƙi zuwa asibiti, sai ta ga tana samun sauƙi maimakon mutuwar da ta zata. Daga nan ta shiga harbin kanta da gangan, bayan shekara uku ta ce ta warke. Magoya bayanta sukan jingina labarin da bincike biyu. A 1997 Lubke da Garon, a ɗakin binciken Rocky Mountain da ke Montana, sun nuna cewa melittin, sinadarin da ya kai kusan rabin nauyin busasshen dafin, yana tsayar da motsin ƙwayar Borrelia yana kuma farfasa ta. A 2017 ayarin Eva Sapi a jami'ar New Haven ya samu sakamako makamancin haka, har a kan ƙwayoyin da suka dunƙule suka yi wa kansu rufi. Duka biyun bincike ne na gaskiya da masana suka yi, ba wanda ya ƙirƙire su.

Amma duka biyun a cikin kwalba aka yi su, inda ƙwayar take iyo tsamo-tsamo cikin dafin, babu fata, babu jini, babu hanta ko ƙoda a tsakani. Yadda melittin yake kisa ma abin lura ne. Fatar ƙwayar halitta yake hudawa har abin cikinta ya tsiyaye, kuma ba ya tambayar ta waye. Yadda yake fasa bakteriya haka yake fasa jajayen ƙwayoyin jinin mutum, shi ya sa wanda ɗaruruwan ƙudan zuma suka harba kan iya yin fitsarin jini, ƙodarsa ta tsaya. Ga kuma lissafin yawa. Harbi ɗaya yana zuba dafi tsakanin maikurogiram 50 zuwa 140, wato harbi 10 bai wuce miligiram ɗaya da 'yan kai ba, rabinsa ne kuma melittin. Wannan ɗan abin zai fara cin karo ne da naman wurin da aka harba, ya manne a can, ya haifar da zafi da kumburin da kowa ya sani. Abin da ya tsira sai ya narke cikin jini lita biyar, a jiki mai nauyin kilo 60 ko 70, kafin a ce ya isa gwiwa ko ƙwaƙwalwa inda ake cewa ƙwayar ta ɓuya. Ba a taɓa nuna cewa yana isa can da ƙarfin da zai kashe wani abu ba. Kuma abubuwan da ke kashe Borrelia a kwalba suna da yawa. Shi kansa ayarin Sapi ya wallafa a 2015 cewa ruwan ganyen stevia, wanda ake zaƙaƙa shayi da shi, yana kashe ta, wasu masana a Johns Hopkins kuma sun samu haka da man tafarnuwa da na kirfa da na kanumfari. Wannan mataki na farko ne kawai, kuma galibin sinadaran da suka haye shi sukan faɗi a na gaba.

Akwai tambayar da ta riga wannan: shin akwai ma ƙwayar da za a kashe? Masu cewa akwai suna da abin riƙewa, domin gwaje-gwaje a kan ɓeraye da birai, irin waɗanda Monica Embers ta yi a jami'ar Tulane, sun gano ragowar ƙwayar bayan an ba dabbobin magani. Bai kamata a share wannan ba, bincike ne da ya dace a ci gaba da shi. Sai dai an riga an gwada a jikin mutane ko ƙara kashe ƙwaya yana kawo sauƙi. A 2001 Mark Klempner da abokansa sun ba wasu marasa lafiya magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kwana 90, wasu kuma aka ba su maganin wofi mai kama da shi, aka rasa bambanci har aka dakatar da gwajin. A 2016 an sake yi a Holan da mutum 280, sakamakon bai sauya ba. Wasu gwaje-gwaje biyu ƙanana sun ga ɗan sauƙi ta fuskar gajiya ko tunani, amma ko dai bai ɗore ba ko kuma illar allurar ta rinjayi amfaninta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne da yawa daga masu ɗauke da sunan cutar ba su da ita. A asibitin Johns Hopkins an duba mutum 1,261 da aka tura saboda zargin Lyme, aka tarar kashi 72 cikin 100 wani abu ne dabam yake damun su. A 2015 wata mujallar likitoci ta kawo labarin mutum uku da aka daɗe ana yi wa maganin Lyme mai daɗewa, ashe ciwon daji ne ko ƙari a kai. Mai irin wannan ciwo idan ya ɓata shekara biyu a hannun ƙudan zuma, lokacin da za a iya ceton ransa ne yake wucewa.

To waɗanda suka rantse cewa sun samu sauƙi fa? Ba sai an ƙaryata su ba. A gwajin Klempner, fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ba maganin wofi sun ce sun ji dama, a na Holan ma duk rukunonin sun samu sauƙi daidai wa daida. Irin wannan ciwo yana hawa yana sauka, mutum kuwa yakan nemi sabon magani ne a lokacin da abin ya fi tsananta, don haka duk abin da ya fara a ranar zai ci ladan sauƙin da dama yana tafe. Shekara biyu zuwa uku kuma lokaci ne da mutane da yawa kan murmure da kansu. Ƙari a kan haka, mai shiga wannan hanya yakan gyara cimarsa, ya daina tulin magungunan da suke wahalar da cikinsa, ya samu jama'ar da ke sauraron kukansa a kullum. Mai yiwuwa ma dafin yana ɗan dushe ciwo na wani lokaci, abin da ake nazari a kai a Koriya ta Kudu dangane da ciwon gaɓɓai, amma rage raɗaɗi dabam, kashe Borrelia dabam. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka tsara koyarwar ta yadda ba za ta taɓa faɗuwa ba. In mutum ya ji sauƙi, dafi ya yi aiki. In jikinsa ya rikice da zazzaɓi da ciwon kai, sai a ce masa ƙwayoyin ne suke mutuwa, ya daure. Sun aro wannan ne daga wani abu na gaskiya da likitoci suka sani da sunan Jarisch da Herxheimer, wanda kan faru cikin yini na farko da fara shan maganin wasu cututtuka ya kuma wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Su kuwa sun miƙar da shi ya zama bayanin duk wata wahala ta tsawon watanni. In kuma an shekara uku ba labari, sai a ce bai kiyaye abinci ba ko ya tsallake zama. Waɗanda suka gaji suka bari ba sa fitowa a bidiyo, saboda haka masu nasara kaɗai ake ji.

Ta ɓangaren illa kuwa akwai alƙaluma. A 2015 masu bincike a Koriya ta Kudu, ƙasar da ake yawan allurar dafin ƙudan zuma a asibitocin gargajiya, sun tattara rahotanni 145 suka duba. Sun samu cewa a matsakaicin lissafi kusan kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun gamu da wata illa, daga ƙaiƙayi da kumburi har zuwa mummunan borin jini mai toshe numfashi. Masu harbin sukan kwantar wa sabon shiga hankali da harbin gwaji: in na farko bai yi maka komai ba, ai ka tsira. Garkuwar jiki ba haka take aiki ba. Maimaita haɗuwa da dafin shi ne yake koya wa jikin wasu mutane ƙin sa, shi ya sa ake yawan samun wannan matsala a cikin masu kiwon zuma da iyalansu. A 2018 likitoci a asibitin Ramón y Cajal da ke Madrid suka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 55 a Sifaniya, wadda ta yi shekara biyu tana zuwa a yi mata harbin kusan kowane wata saboda ɗaurewar jijiyoyi da damuwa, ba ta taɓa samun matsala ba. Ran nan ana harbin ta sai numfashinta ya sarƙe, ta suma. Babu allurar adirenalin a wurin, motar asibiti kuma ta ɗauki minti 30 kafin ta iso. Jininta ya faɗi, ƙwaƙwalwarta ta samu mummunan rauni, bayan 'yan makonni ta rasu. Ita sau ɗaya a wata take yi. Mai bin tsarin Lyme yana fuskantar wannan haɗari sau uku a mako, a ɗakinsa, a hannun mijinta ko matarsa ko ɗansa.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon baya suke kawowa ita ce dafi ya sha zama magani, kamfanonin magunguna kuma ba za su kashe kuɗi a kan abin da kowa zai iya kamowa a amya ba. Rabin farko gaskiya ne. Captopril, maganin hawan jini da miliyoyin mutane suka sha, daga nazarin dafin wani maciji na Brazil ya fito. Exenatide na masu ciwon sukari ya samo asali daga yawun wani ƙadangare mai dafi na kudu maso yammacin Amurka, ziconotide na ciwo mai tsanani kuma daga dafin wani dodon koɗi na teku. Amma waɗannan misalai da kansu suna rushe rabi na biyu, domin kamfanoni ne suka yi rububin su, tunda sinadarin da aka tace aka sarrafa ana iya mallakar haƙƙinsa. Kuma babu ɗaya a cikinsu da ake bayarwa ta hanyar kai mara lafiya maciji ya sare shi. An ware sinadari guda daga sauran guba, an auna shi, an gwada a dabba, an gwada a mutane kaɗan, sannan da yawa. Shi ma melittin ana kan yi masa irin wannan aiki, masana suna neman yadda za su naɗe shi ya isa inda ake so ba tare da ya fasa jini a hanya ba. Dafin ƙudan zuma ma yana da wurin da aka amince da shi a asibiti, wato horar da jikin masu borin jininsa, inda ake yin allurar tataccen dafi da ma'auni, a gaban likita, da adirenalin a kusa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin Lyme ba.

Hujja ta biyu daga zuci take fitowa, ita ce kuma ta fi wuyar amsawa. Mara lafiya zai ce: likitoci sun sallame ni, wasu sun ce a kaina abin yake, me ya rage da zan rasa? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma laifin bai tsaya a kan wanda ya kama ba. Likitan da ya duba takardar gwaji ya ce wa mai kuka da ciwo lafiyarsa ƙalau, ya tura shi gida ba tare da wani shiri ba, shi ne ya buɗe ƙofar da mai ƙudan zuma ya shigo. An daɗe ana ƙyale masu wannan larura, kuma sai da cutar korona ta bar miliyoyin mutane da gajiya da mantuwa iri ɗaya sannan da yawa suka yarda cewa cuta tana iya wucewa ta bar wahala a baya. Duk da haka akwai abin rasawa. Akwai rai, kamar yadda aka gani a Madrid. Akwai kuɗin ƙudan da na masu koyarwa da na tarin ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake haɗawa da tsarin. Akwai damar gano ainihin ciwon, wanda zai iya kasancewa na maƙoshi ne, ko ƙarancin jini, ko toshewar numfashi cikin barci, ko amosanin gaɓɓai, ko ciwon damuwa, duk kuwa ana maganinsu. Kasawar asibiti dalili ce ta a matsa wa asibiti da gwamnati su zuba kuɗi a bincike, su kuma girmama mara lafiya. Ba ta ƙara wa dafin ƙarfin da ba a nuna yana da shi ba.

Ga mai karatu Bahaushe akwai wani tarko na musamman. Kaskar da ke yaɗa Lyme ba irin wadda makiyayanmu ke cirewa a jikin shanu ba ce, cutar kuma ba ta ƙasashenmu ba ce, amma bidiyon masu harbin yana yawo a Facebook da TikTok, ana kuma tallata shi ga sanyin ƙashi da ciwon baya da shanyewar jiki. Da an ce ƙudan zuma sai zuciya ta karkata, saboda darajar da zuma take da ita a addini da al'ada. Abin da Suratun Nahli ta ambata da waraka abin sha ne, wato zuma, kuma amfaninta wajen warkar da wasu raunuka da lafa tari abu ne da likitoci ma suka gwada. Dafi abu ne dabam da ƙudan yake kare amyarsa da shi, daga wata jaka dabam yake fitowa, kuma bai halatta a ara masa martabar zuma don a rufe bakin mai tambaya ba.

Abin da zai warware gardamar sananne ne, an ma taɓa yin sa. Kafin Lyme, cutar da aka fi yi wa kirarin harbin ƙudan zuma ita ce MS, wadda ke lalata rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kuma a lokacin ma labaran waraka sun cika gari. Wasu likitoci a Holan suka ɗauki maganar da gaske. Suka samu mutum 26, aka yi musu harbi da ƙudan zuma masu rai har zuwa 20 a zama, sau uku a mako, na tsawon mako 24, aka kwatanta da wasu mako 24 da ba a yi musu komai ba, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sakamakon da suka wallafa a 2005 ya nuna harbin bai rage raunukan ƙwaƙwalwa ba, bai rage tashin ciwon ba, bai rage gajiya ko naƙasa ba. Gwaji irin wannan bai fi ƙarfin jami'a guda ba, kuma ƙungiyoyin masu fama da Lyme a Amurka sun tara miliyoyin daloli don bincike. Ana buƙatar mutanen da aka tabbatar sun kamu da Borrelia, a raba su da ƙuri'a, a yi wa wasu allurar dafi mai ma'auni, wasu a yi musu wadda take zafi da kumburi amma babu dafi a ciki, a ƙirga waɗanda suka samu sauƙi tare da waɗanda suka bari da waɗanda aka garzaya da su asibiti. Tun rahoton Lubke da Garon na 1997 har yau ba a wallafa irin wannan gwaji a kan masu cutar Lyme ba, masu karɓar kuɗin koyar da harbin kuma su ne ya kamata su fi kowa neman a yi shi.